Daga Tanti Zuwa Ɗakin Kai: Me Ya Biyo Bayan Rufe Sansanonin Maiduguri?

Gari bai gama wayewa ba, wata rana a watan Nuwamban 2021, ayarin motocin Gwamna Babagana Umara Zulum ya shiga sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke kan hanyar Damboa a Maiduguri. Da gangan aka yi sammakon, don a tarar da masu kwana a sansanin tun kafin 'yan cikin gari su shigo su saje da su. Aka tantance iyalai kusan 6,000. Magidanci ya karɓi naira 100,000, haka ma macen da mijinta ya rasu ta zama ita ce uwa ita ce uba. Matar aure kuma aka ba ta naira 50,000, aka haɗa da ɗan abin sawa a baka. Saƙon da ya biyo bayan kuɗin gajere ne: a tattara, za a rufe.

Kafin watan ya ƙare an shiga haɗa kaya. Mata na naɗe tabarmi suna cusa tukwane a buhu. Samari na ɓalle tampol da langa-langa, ko ƙusa ba a bari, tunda ba wanda ya san irin wurin da zai kwana gobe. A-kori-kura da Keke Napep suna ta jigila. Wasu motocin sun nufi Gwoza, wasu Monguno. Wasu kuwa ba su wuce unguwannin bayan gari ba, aka sauke kayan a gindin wani kango.

Wannan sansani ya riƙe dubun-dubatar mutane daga Gwoza, Monguno, Marte, Guzamala da Nganzai kusan shekara bakwai. Rufe shi ya buɗe muhawarar da har yau ba ta mutu ba: ta yaya mutumin da ya daɗe yana kwana a matsugunin agaji, yana ci da katin rabo, zai koma riƙe kansa? Kuma wa zai ce lokacin ya yi?

Zaman da aka ce na 'yan makonni ne

Rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, amma babbar guguwar hijira ta taso ne a 2014 da 2015, lokacin da Bama da Gwoza da Baga da Dikwa suka faɗa hannun mayaƙa ɗaya bayan ɗaya. Fiye da mutum miliyan biyu suka bar gidajensu a Arewa maso Gabas. Maiduguri ta cika ta batse. Mafi yawansu ma ba sansani suka shiga ba. 'Yan'uwa da surukai da baƙin ido ne suka buɗe musu ɗakuna da zauruka, abin da ba a cika yaba wa mutanen garin a kai ba.

Ragowar aka zuba su a duk inda aka samu fili: makarantu, sansanin masu yi wa ƙasa hidima, filin wasa, da rukunin gidajen gwamnati da ba a kai ga shiga ba, irin su Bakassi da na hanyar Gubio. Kowa ya ɗauka zaman na 'yan makonni ne. Makonni suka zama damina bakwai, takwas, goma.

Wanda bai taɓa leƙa sansani ba zai zaci matsalar ita ce yunwa kaɗai. Akwai yunwa, amma akwai abin da ya fi ta cin rai a hankali. Manomin da a da yake cika rumbu da gero da wake, yana fitar da zakka, yana aurar da 'ya'ya, ya wayi gari ba shi da abin yi sai zaman gindin bishiya. Sunan matarsa ne sau da yawa a kan katin abinci. Ba ya iya fita sai da izinin masu tsaron ƙofa. Tanti ɗaya ne shi da matarsa da 'ya'yan da suka balaga, ba sirri, ba kunya irin ta gida. Masunci daga Baga, wanda kifinsa banda ke kaiwa har kasuwannin kudu, ya koma ɗinkin hula a kan kuɗin da bai kai na cefanen mako ba.

An kuma samu rahotanni masu tayar da hankali, daga ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam, na matan da aka yi lalata da su a bakin abinci ko a bakin izinin fita. Yara da yawa an haife su a tanti, sun yi wayo a tanti, ba su taɓa ganin ubansu ya saɓa fartanya ba.

Hujjar gwamna

Saboda haka da Zulum ya sanar a Oktoban 2021 cewa za a rufe duk sansanonin gwamnati na cikin Maiduguri kafin shekara ta fita, ba maganar banza ya yi ba. Hujjarsa, wadda ya sha maimaitawa, ita ce sansanonin sun zama matattarar shaye-shaye da karuwanci da daba, kuma ba a taɓa nufin su zama mazaunin dindindin ba. Ya ce al'umma ba za ta farfaɗo ba muddin tana miƙa hannu, kuma barin garuruwa ba kowa kyauta ce ga mayaƙa.

Akwai kuma batun cuwa-cuwa. A farkon 2021 gwamnan ya yi dirar tsakar dare a wani sansani cikin birnin, aka ƙirga masu kwana, sai ga ɗaruruwan iyalan da ke cikin rajista babu su babu alamarsu. Mutanen gari ne da ke zuwa ranar rabo su koma gidajensu da dare. Duk da cewa talauci ne ya kai su, abin ya nuna yadda tsarin ya ruɓe.

Ni dai a wannan gaɓar ina tare da gwamna. Duk wanda ke son a bar mutum cikin tanti shekara goma sha biyar saboda a can ne kawai aka iya ciyar da shi, bai yi masa adalci ba. Sansani ba gida ba ne. Saɓanina da gwamnati yana kan abin da aka tanada a ɗaya gefen ƙofar.

Dubu ɗari da buhun hatsi

Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a Nuwamban 2022. Ta ce daga Mayun 2021 zuwa Agustan 2022 an rufe sansanoni takwas a Maiduguri, abin da ya shafi mutum sama da 140,000. Waɗanda ta zanta da su sun koka cewa ba a nemi ra'ayinsu ba, wa'adin ya yi gajere, kuma halin da suka shiga bayan fita ya fi na sansanin muni.

A duba kuɗin. Naira 100,000 a ƙarshen 2021 ba ta wuce kuɗin buhun shinkafa uku ko huɗu ba. Daga cikinta za a biya mota, a kama ɗaki ko a sayi kwano da katako, a ci abinci, a sayi magani, sannan a ce ragowar jari ne. Magidanci mai baki takwas ko goma a wuyansa, wata biyu ma da ƙyar ta kai shi.

A Disamban 2021 kuma gwamnatin jihar ta hana ƙungiyoyin agaji rabon abinci da kayan masarufi a garuruwan da aka mayar da mutane. Manufar ita ce a koya wa jama'a dogaro da kai. Amma uwa ba ta yaye yaro ranar da ta ga dama. Sai ya saba da kunu, ya fara cin tuwo, sannan a janye nono. Mutumin da aka sauke a garinsu a watan Disamba, ko da ya samu gona da iri, ba zai ga amfanin gona ba sai Oktoba mai zuwa. Wata goma ne a tsakani. Wannan giɓin shi ne ya mayar da wasu bara a titunan Maiduguri, ya tura wasu sansanonin Bama da Monguno da Dikwa waɗanda tun farko a cunkushe suke.

Wato da yawa ba gida suka koma ba. Ƙauyensu na ainihi yana can cikin daji inda ba mai iya zuwa. Hedikwatar ƙaramar hukumarsu aka kai su, suka sake kafa tanti. An fitar da su daga lissafin Maiduguri, amma ba su fita daga hijira ba.

Gona tana bayan rami

Tun 2019 sojoji suka tattara ƙarfinsu a manyan sansanoni, garuruwa da yawa kuma aka kewaye su da rami. Cikin ramin akwai ɗan kwanciyar hankali. Amma gona da itace da ciyawa da kifi duk suna waje. Akwai iyakar nisan da aka yarda manomi ya je, akwai wuraren da ake hana shuka mai tsayi kamar dawa da masara don kada mayaƙa su ɓuya, an kuma daɗe ana taƙaita takin zamani saboda ana haɗa bam da shi. Filin da ya rage kusa da gari bai ishi masu garin ba, balle baƙi.

Yunwa kuwa ba ta san iyakar soja ba. A Agustan 2020, makonni kaɗan bayan an mayar da mutanen Kukawa, mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka shiga garin suka yi garkuwa da jama'a masu yawa. A Nuwamban shekarar aka yi wa manoman shinkafa fiye da 40 yankan rago a Koshebe, kusa da Zabarmari. A farkon 2024 aka sace mata da yara masu ɗimbin yawa daga sansanonin Ngala, sun fita neman itacen sayarwa. A Janairun 2025 aka kashe manoma kusan 40 a Dumba, gefen Baga. A Satumban 2025 kuma aka afka wa Darul Jamal a ƙaramar hukumar Bama, garin da ba a daɗe da mayar da mutanensa ba, aka kashe fiye da 60.

Har sana'ar jari-bola ta zama ta sayar da rai: matasan da ba su da gona suna shiga daji tsintar ƙarafa, ana kashe su, har gwamnati ta haramta sana'ar a 2023. Haramcin ya ceci rayuka, amma bai sa tukunya a wuta ba.

Gwamnan bai ɓoye cewa tsaro ya sake taɓarɓarewa a 2025 ba, ya kuma je Marte da kansa lokacin da mutanen garin suka sake gudu. Ba a raina wannan jarumtar. Sai dai talakan da aka sauke a can ba shi da ayarin da zai dawo da shi.

Yadda Finland ta rage nata

Matsalar fitar da mutane daga matsugunin agaji ba tamu ce mu kaɗai ba. Manyan biranen Turai da Amurka suna da marasa muhalli masu kwana a titi ko a ɗakunan kwana na agaji, galibi saboda taɓin hankali, shaye-shaye, bashi ko mutuwar aure. Shekara da shekaru tsarin da ake bi da su na hawa-hawa ne: ka daina sha, ka karɓi magani, ka nuna hali nagari, sannan a ba ka ɗaki. Mafi yawa a matakin farko suke zamewa, su dawwama a gadon agaji.

A 1992 wani masanin halayyar ɗan'adam a New York, Sam Tsemberis, ya juya tsarin. Ya ce a fara ba mutum ɗaki da makulli, ba tare da sharaɗi ba, sannan ma'aikata su riƙa bin sa da magani da shawara har ɗakin nasa. Kusan huɗu cikin biyar na waɗanda aka ba ɗaki suka riƙe shi.

Finland ta mayar da wannan tsari na "gida tukuna" manufar ƙasa daga 2008. Abin lura shi ne yadda ta yi da tsoffin matsugunanta. A Helsinki akwai wani gidan kwana mai gado kusan 250. Aka gyara ginin ya koma ɗakuna kusan 80 masu ƙofa da kicin da banɗaki, kowane da takardar haya da sunan mai shi. Mazaunin yana biyan haya, ko daga albashinsa ko daga tallafin gwamnati, ma'aikatan jinƙai kuma suna nan cikin ginin dare da rana. Wata gidauniya mai zaman kanta, wadda aka kafa tun 1985, ta sayi dubban gidaje ta warwatsa su cikin unguwannin talakawa da masu hali. Ƙasar da ke da marasa muhalli kusan 18,000 a ƙarshen shekarun 1980 ta sauko ƙasa da 4,000 zuwa 2023.

Ba zan ce Borno ta zama Finland ba. Su ba su da mayaƙa a bayan gari, mutanensu duka ba su kai miliyan shida ba, baitulmalinsu kuma ba irin namu ba ne. Amma jerin matakan ba ya bukatar arziki kafin a gane shi: sai da ɗaki ya samu aka rufe gadon agaji, kuma taimako ya bi mutum zuwa sabon wurinsa maimakon ya tsaya a ƙofar tsohon. Su ma da gwamnatinsu ta rage tallafin haya a 2024, adadin marasa muhalli ya sake ɗagawa bayan shekaru sama da goma yana sauka.

Zaure a Ngarannam, takarda a Diffa

Ba sai an je Turai ba ma. A ƙaramar hukumar Mafa akwai Ngarannam, garin da mayaƙa suka rusa a 2015. Gwamnatin Borno da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sake gina shi da tallafin Tarayyar Turai da Jamus da wasu ƙasashe, aka buɗe shi a Oktoban 2022 da gidaje wajen 360, da makaranta, da asibiti, da kasuwa, da ofishin 'yan sanda.

Mai zanen garin, Tosin Oshinowo, 'yar Legas ce. Kafin ta ja layi ɗaya sai da ta zauna da mutanen garin a inda suke gudun hijira ta tambaye su yadda suke son gidansu. Daga wannan zaman aka sa wa kowane gida zaure. Ga injiniyan da ke ƙirga bulo, zaure ɓarnar siminti ne. Ga magidancin Borno ko na ƙasar Hausa kuwa, nan ne yake karɓar baƙo ba tare da baƙon ya ga cikin gidansa ba, nan ake sulhu, nan ake ɗaurin aure, nan almajiri ke tsayawa. Mutumin da ya yi shekaru yana gaisawa da surukinsa a bakin tanti, matarsa na kwance taku biyu daga wurin, shi ya san abin da zaure ya mayar masa.

Aibin Ngarannam ɗaya ne: gari guda ne cikin ɗaruruwa, kuma kuɗin da ya ci ba za a samu irinsa ga kowane ƙauye ba. Gwamnatin jihar ta gina dubban gidaje a wasu garuruwan, wannan gaskiya ne, amma masu bukata sun ninka gidajen sau da yawa.

A tsallaken iyaka, jihar Diffa ta Nijar ta gwada wata hanyar mai sauƙin kuɗi. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa kai da ƙananan hukumomi aka yanka dubban filaye a gefen garuruwa. Aka raba wasu ga 'yan hijira da talakawan gari, da takardar shaidar zama, wasu kuma hukumomin suka sayar don samun kuɗin ruwa da hanya. Aka koya wa matasa buga bulon ƙasa, suka gina gidajen da hannunsu ana biyansu. Nijar ɗin ce kuma, a 2018, ta fara a Afirka wajen kafa dokar kare 'yan gudun hijira na cikin gida bisa Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Najeriya ma ta amince da ita tun 2012.

Takardar nan ita ce ƙashin bayan maganar. Wanda ke zaune a filin aro ba ya dasa bishiya, ba ya haƙa rijiya, ba ya ɗora bulo a kan bulo, don gobe mai fili zai iya cewa ya tashi.

Waɗanda Maiduguri ta zama garinsu

Ka'idojin duniya sun san hanya uku ta kawo ƙarshen hijira: mutum ya koma garinsu, ko a tsugunar da shi a wani wuri, ko ya zama ɗan garin da ya samu mafaka. Sharaɗin dukkansu shi ne da yardarsa. A Borno an fi zuba kuɗi da siyasa a hanya ta farko, ta ukun kuma ita ce marainiya, alhali ita mutane da yawa suka zaɓa da ƙafafunsu.

Yarinyar da aka shigo da ita Maiduguri a goye a 2014 yanzu ta isa shiga sakandare. Yayanta ya koyi gyaran waya ko tuƙin Keke Napep. Uwarsu tana suyar ƙosai a bakin titi, tana da masu saye da suka san ta, tana cikin adashi. A ce musu su koma ƙauyen da ba makaranta ba malami, an sake raba su da abin da suka gina ne karo na biyu. Irin waɗannan iyalai su ne suka cika kangwaye da filayen aro a gefen birnin, inda ba su cikin rajistar kowa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye kusan rabin Maiduguri, suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, tunda a kwari da bakin kogi suka samu wurin rakuɓewa. Har sai da aka sake buɗe Bakassi na ɗan lokaci.

Akwai masu zaman kansu da suka gane wannan tun da wuri. Lauya Zannah Mustapha, wanda ya samu lambar yabo ta Nansen a 2017 saboda makarantarsa ta marayu, ya buɗe wa iyalan da suka yi hijira gonaki a gefen Maiduguri, ya kuma taimaka wa zawarawa suka kafa ƙungiyar sana'a. Gonar da za a je a dawo lafiya ta fi buhun rabo goma.

Lokaci kuma ba ya jira. A 2025 Amurka ta zabtare tallafinta na ƙasashen waje, hukumar abinci ta duniya ta yi gargaɗin cewa mutum fiye da miliyan ɗaya a Arewa maso Gabas za su iya rasa rabon abinci, gwamnan Borno kuma ya ba da sanarwar rufe sansanin Muna, ɗaya daga cikin manyan da suka rage. Ko an so ko an ƙi, zamanin katin abinci yana ƙarewa. A 2024 jihohin Borno da Yobe da Adamawa sun ƙaddamar da tsare-tsaren kawo ƙarshen hijira, kuma a rubuce sun amince da dukkan hanyoyin uku.

Abin da ya rage shi ne a gani a ƙasa. Gwamnatin da ta iya gina gidaje a Ngarannam za ta iya yanka filaye a Jere da Konduga ta ba da takarda, ta bar tallafin abinci ya raka iyali har girbin farko, ta kuma tambayi bulamomi da mata kafin ta sa ranar tashi. Jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina ma suna da nasu dubban da 'yan bindiga suka kora, suna kwana a makarantu da tashoshin mota da gine-ginen da ba a gama ba, mafi yawansu ba tare da an taɓa buɗe musu sansani ko an rubuta sunayensu ba.